Mutuwar Baba Isufu ta farko

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Matameye sun san ni, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Abin da nake so ku sani, ku samari masu waya a hannu, shi ne ni ma ɗan gidan mutunci ne. Mahaifina manomi ne, in an gama girbin hatsi ya tafi ci-rani Najeriya kamar sauran maza, ya dawo da ruwan farko. Ya sa ni lakwal, makarantar boko, na yi nisa kaɗan, na faɗi jarrabawa, na zauna. Bayan rasuwarsa na kafa 'yar rumfa kusa da tasha, ina cajin waya, ina zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kati, ina buɗe musu shafi a dandalin sada zumunta. Ɗan Faransancin da na tsinta a aji shi ne jarina.

Mutane sun yarda da ni ƙwarai. Dattijo zai miƙo mini wayarsa ya wuce kasuwa, ba zai waiwayo ba sai la'asar. Ni ke zaɓar musu lambar sirri, in sun manta ni suke tambaya. Matan da mazajensu ke ci-rani su kan aiko a duba musu me ya sa saƙo bai tafi ba. Ina cin abinci, ina sa sutura, mahaifiyata tana sa mini albarka. Ban rasa komai ba, wallahi. Kada wani ya ce muku talauci ne ya kai ni inda na je.

Zaman banza ne ya fara. Rana ta take, ba mai zuwa, ni da waya. Na ɗauko hoton wata yarinya da ban san ko 'yar wace ƙasa ce ba, na raɗa mata suna, na buɗe mata shafi. Kafin kwana biyu maza sun cika mata akwati da gaisuwa, har da masu furfura. In na ce ba ni da kiredi, kuɗin kira, sai kiredi ya shigo. Ina dariya ina cewa ai wasa ne, wanda ya bi mace a waya shi ya so. Abin da ban lura ba shi ne, daga ranar na daina jin nauyin ƙarya. Ba ka ganin idon mutum, ba ka jin numfashinsa, sai ka ga kamar ba mutum kake cuta ba.

Daga nan na gano inda ya fi maiƙo. Mutanenmu da ke waje, na Ikko da Fatakwal da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya, suna da gurup-gurup nasu a waya. Yawancinsu ba sa karatu, saƙon murya suke yi. A nan ake sanar da haihuwa, a nan ake sanar da rasuwa. Kuma suna da wata al'ada mai kyau: in ɗan ƙasa ya mutu a baƙon wuri ba dangi, sai a yi karo-karo a saya masa likkafani, a fitar da shi daga asibiti, a binne shi kamar Musulmi. Ba mai tambayar shaida. Kowa yana tunanin gobe shi ne zai kwanta a can ba wanda ya san sunan ubansa. To, wannan tausayin na shiga na ci.

Na sayi wani layi, na buɗe shafi da wani suna, na ce ni ma'aikaci ne a wani asibiti a kudancin Najeriya. Na riƙa ɗauko hotunan marasa lafiya ina sawa, ina magana da muryar jimami. Ana turo kuɗi. Na sayi babur, na canja waya, na fara shan shayi da nama kullum. Mahaifiyata ta tambaye ni sau ɗaya, na ce caji ne ya yi albarka. Ta dube ni, ta ce Allah ya sa, ba ta ƙara ba.

Sai kasuwar ta fara ja baya. Mutane suka fara cewa wannan hoton ai mun taɓa ganinsa, wancan kuma ba ɗan ƙasarmu ba ne, ku dubi fuskarsa. Na ga ina bukatar sabuwar fuska, irin tamu, wadda ba a taɓa gani a waya ba.

A nan Baba Isufu ya shigo. Aminin mahaifina ne, tare suka yi shekaru suna tafiya ci-rani, shi ya riƙe kafaɗata a maƙabarta ranar da aka binne babana. Mutum ne mai sanyi, mai tsaga a kumatu, aikin gadi yake yi a Ikko. Kafin ya tafi a shekarar ya zo rumfata na ɗauke shi hoto da sabuwar hularsa, hoton yana nan cikin wayata. A tsakiyar bazara matarsa, Inna Rabi, ta zo da kanta ta ce mini, "Ɗana, duba mini lambar babanku, an kwana biyu ba ta shiga." Na gwada, a kashe. Na ce mata rezo ne, wato sabis ɗin waya, ta kwantar da hankalinta. Tana juya baya shaiɗan ya zauna a inda ta tashi.

Na yi wa kaina wayo irin na wawa. Na ce ba zan sa suna ba, kuma ba zan sa a gurup ɗin 'yan garinmu ba, sai na mutanen nesa, waɗanda ba su san shi ba. Na rage hasken hoton, na yi saƙon murya na toshe hanci: ga wani bawan Allah ɗan Nijar, mota ta buge shi, ya cika, ba a san danginsa ba, a taimaka. Ni da nake zaune cikin waya tun safe har yamma, wai ban san cewa abu in ya shiga gurup ɗaya ya shiga duka ba. Wani ya tura wa wani, wani ya gane tsagar, wani ya gane hular. Kafin la'asar an sa masa suna da unguwa da sunan matarsa. Ina zaune a rumfa na ji kuka ya tashi daga wajen gidansu.

Har a lokacin ina da hanyar fita. Da na tashi na je na ce ƙarya ce, ni na yi, da duka zan sha da zagi, shi ke nan. Ban tashi ba. 'Yan garinmu na Ikko suka je inda yake kwana, aka ce musu an yi makonni ba a gan shi ba, sai suka gaskata. Suka dami layin nan nawa da kira suna tambayar wane asibiti. Na yi saƙo ɗaya na ce an riga an binne shi, na cire layin na jefa a aljihu. Ashe wayarsa aka sace, kuma maigidansa ya mayar da shi gadin wata gona a daji inda ba rezo.

Na je gaisuwa, ku ji fa. Na zauna a kan tabarma a ƙofar gidansa, na ɗaga hannu aka yi addu'a, na shafa. Ranar sadakar uku aka miƙo gumba na karɓa na ci. Babban ɗansa Lawali, tsarana ne, tare muka yi makarantar allo, ya riƙe hannuna yana cewa, "Ko gawarsa ban gani ba." Na ce masa ya yi haƙuri. Inna Rabi ta shiga takaba. Aka sayar da san huɗarsa aka yi hidimar baƙi.

Da ruwan farko, ranar kasuwa, Baba Isufu ya sauko daga mota a tasha da buhunsa a ka. Ina kallo daga rumfata. Wata mai tuyar ƙosai ta watsar da kasko ta ruga. Shi kuwa yana ta yi wa mutane sallama, ba mai amsawa, kowa ya ja da baya yana salati. Ya tsaya a tsakiyar tasha yana duba jikinsa, ko wani abu ne ya ɓata masa riga.

Kama ni bai yi wuya ba. Layin da katina na ɗan ƙasa aka yi masa rajista, kuma da katin nake zuwa karɓar abin da aka turo. Ni ne wai wayayyen gari. Jandarmomi suka zo rumfa da rana tsaka, suka kwashe wayoyi da layuka, suka sa ni a mota mutanen tasha suna kallo. A gaban alƙali ban yi musu ba. Aka kai ni kaso.

Ba zan cika ku da labarin kaso ba. Zafi ne, da ƙwarƙwata, da tuwon da ba ya kai wa ciki, da kwana a gefe ɗaya don ba wurin juyawa. Mahaifiyata ta riƙa kawo mini fura, in za ta tafi ta ce, "Ka riƙe salla." A can na koma salla da gaske, a can na yi kukan da ban yi a gidan makoki ba. Na ɗauka in na gama wa'adina na biya. Haka kowa ke ɗauka.

Da aka sake ni, ban kwana biyu ba na je gidan Baba Isufu. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ya tsufa fiye da shekarun da na yi a ɗaure. Na durƙusa a gabansa. Shi ya fara magana. Ya ce, "Tashi, ɗan aminina. Don ubanka na yafe maka tun kana can. Abu ɗaya nake roƙonka. Kai ka sa hoton nan, ka cire shi. Na gaji da mutuwa."

Sai a lokacin na ji abin da ya faru a bayana. Hoton bai tsaya ba. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya sake turawa, musamman da azumi, mutane su yi ta Allah ya jiƙansa. Wasu ɓarayin irina suka ɗauka suna neman taimako da shi da sunan wasu garuruwa. Da ya koma Ikko wani ya gane shi a bakin titi ya tara masa jama'a, wai da shi aka haɗa baki aka ci kuɗin mutane, da ƙyar ya tsira. Daga nan ya bar ci-rani, Lawali ya karɓi tafiyar. A gari kuwa yara suka sa masa Marigayi. In ya wuce su ce ga Marigayi zai je masallaci.

Na ce masa, "Baba, in Allah ya yarda cikin mako guda an gama." Har da bugun ƙirji.

Na ari waya na zauna. Shafin da na fara sa hoton ya ce in kawo lambar sirri, na manta. Na ce a aiko mini sabuwa, aka ce an aika wa layin nan, layin da ya mutu tun ina kaso aka sayar wa wani. Na kira mai layin, wani mutum ne a can arewa, ya zage ni ya kashe. Na bi wata hanyar, aka ce in turo katin shaida mai sunan da ke kan shafin. Sunan da ni na ƙirƙiro shi a rumfa ina shan shayi, ina zan samo masa kati?

Na koma kai ƙara. Akwai wurin da ake dannawa a ce wannan abu ƙarya ne. Na danna, na rubuta da Faransanci, na samu wani ya rubuta mini da Turanci. Amsa ta dawo nan take, da ka gani ka san ba mutum ne ya karanta ba: sun duba, abin bai saɓa wa ƙa'idarsu ba, sun gode. Na sake, amsar dai ita ce, ko waƙafi bai canja ba. Kai, abin nan ya ƙona mini rai. A ce mutum yana zaune a gabanka yana shan fura, ga hotonsa an ce ya mutu, wai bai saɓa wa ƙa'ida ba. Da ofis ne da na je na kwanta a ƙofarsa har a gaji da ni. Da mutum ne da na kama ƙafarsa. Babu ofis, babu mutum, babu lambar da za ka kira wani ya ce na'am. Na je har Damagaram wajen masu gyaran waya da ake ji da su, wani ya dube ni ya ce, "Malam, ko ka goge na farkon, na cikin wayoyin mutane fa?"

Na bi shugabannin gurup ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wasu da sun ji ko ni wane ne sai su fitar da ni, ban ga laifinsu ba. Wasu su ce to, su goge, bayan wata biyu wani sabon shiga ya sake kawowa yana ganin lada yake nema.

Sai na ce bari mu yi maganin waya da waya. Na ɗauki Baba Isufu bidiyo a ƙofar gidansa, ya sa hular nan, ya ce, "Jama'a, ni ne Isufu na Matameye, ina nan da raina, don Allah ku daina turawa." Muka saki. Labarin mutuwarsa ya zaga duniya cikin yini ɗaya, na rayuwarsa ko unguwa bai gama ba. Waɗanda suka gani ma ba su saurara ba. Suna ganin fuskar sai su rubuta a ƙasa, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. A ƙarƙashin bakinsa yana motsi yana cewa yana raye. Wasu samari kuma suka yanko wurin da ya ce ina nan da raina, suka sa masa kiɗa, ya zama abin dariya. Da na nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, bar shi haka, kada mu ƙara." Duk da haka in mun haɗu a masallaci ya kan tambaye ni a hankali, "An samu?" In ce ana nan ana ƙoƙari, Baba.

Wanda bai gaji ba shi ne Lawali. Ba ya yi mini magana, kuma yana da gaskiya. Daga Fatakwal inda yake aiki, duk lokacin da hoton ya ɓullo a gurup ɗin 'yan garinmu, zai saki murya: "Ƙarya ce, tsohon labari ne, babana yana nan lafiya, kada kowa ya je ko'ina." Mutane suka saba. In sun ga hoton sai su jira muryar Lawali, in ta zo kowa ya ci gaba da harkarsa.

Bara, lokacin noma, Baba Isufu ya dawo daga gona da zazzaɓi. Kwana kaɗan ya yi. Da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka kira lambar Lawali ta Najeriya, ta ƙi shiga, aka yi ta gwadawa. Gawa kuwa ba ta jira, an sa jana'iza bayan azahar. Wani maƙwabci ya ce bari ya sanar a gurup don mutanen Ɗan Barto da Tsauni su samu zuwa, can danginsa suke. Ya nemi hoton da zai haɗa da sanarwar. Hoto ɗaya ne na Baba Isufu a wayar kowa, nawa.

Muna tsaye a ƙofar gida ana jiran a fito da shi, sai wayar wani ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya danna, bai san mene ne ba. Muryar Lawali ta fito, da ƙarfi, da gajiya, har da ɗan tsaki: "Haba jama'a, ba ku gajiya? Ƙarya ce. Babana yana nan lafiya, kada kowa ya je ko'ina."

Daga cikin gida Inna Rabi ta ji muryar ɗanta, ta fasa kuka.

Aka yi ta tura masa saƙo cewa wannan karon gaskiya ne, amma ya riga ya kashe waya ya koma bakin aiki. Maƙwabcin ya sake yin magana a gurup yana rantsuwa, wasu suka ce masa ya ji tsoron Allah, ɗan mutumin da kansa ya ƙaryata. Ƙanensa na Tsauni ya riga ya hau babur, ya ji muryar Lawali ya sauka ya koma gona. Wancan karon, da mutuwar ta ƙarya ce, unguwa ba ta ɗauki mutane ba, har daga ƙetaren iyaka an zo. Ranar da ya mutu da gaske, mu 'yan unguwa ne kawai da waɗanda suka fito daga masallaci. Da aka zo ɗaukar makara aka rasa hannu a gefe ɗaya, na sa kafaɗata. Ba wanda ya hana ni, don ba wani.

Lawali ya iso bayan an yi sadakar uku. Na je gaisuwa, na zauna can ƙarshen tabarma. Na ɗauka zai tashi ya shaƙe ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Da bakina na kore masa mutane."

Yanzu ina noma gonar mahaifina, da rani in yi dako a kasuwa. Wayata ƙarama ce mai maɓalli, ta kira kawai. Na tuba, ina roƙon Allah gafara a kowace salla, kuma na san Shi mai gafara ne. Amma alƙawarin da na yi wa Baba Isufu a zaurensa ban cika ba, kuma na san ba zan taɓa cikawa ba.

Ku samari, ba zan ce ku jefar da waya ba, na san ba za ku ji ba. Ina dai gaya muku, wasan nan na shafin ƙarya da kuke yi kuna dariya, daga nan na fara. Wanda ke can ɗaya gefen mutum ne, yana da uwa, yana da mata. Kada ku ci da tausayin mutane, ranar da aka bukace shi da gaske ba za a same shi ba. In kun ga sanarwar rasuwa, ku kira gidan ku tambaya kafin ku tura. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku tashi a ranar ku faɗa da bakinku, kada ku zauna kamar yadda na zauna a rumfa ina jin kuka. Kaso yana da ranar fita, na shiga na fito. Abin da kuka saka a waya kuwa ba wanda za ku je wurinsa ya cire muku, na nema ban samu ba.

Da azumin bana wani ya nuna mini hoton ya sake fitowa, da muryata ta toshe hanci, ana cewa wani bawan Allah ne da ba a san danginsa ba. In ya iso wayarku, dattijo ne mai tsaga a kumatu da sabuwar hula. Kada ku tura wa kowa ko sisi. Sunansa Isufu, yana da dangi, kuma yanzu kuna iya yi masa addu'ar.